Yadda za ka kafa ƙaramin masaukin baƙi na zamani a garin da ake zuwa yawon buɗe ido

Da yawanmu in aka ce masaukin baƙi sai hankalinmu ya tafi kan bene mai hawa huɗu, gilashi ta ko'ina, tayil mai sheƙi, janareta na ruri a bayan gida dare da rana. Wannan na birni ne, kuma a birnin ma ba kowa ke cin ribarsa ba. Wanda nake nufi a nan ƙarami ne, ɗaki takwas zuwa goma sha biyu, tsararre, mai tsafta, wanda baƙo na shigowa zai san ƙasar Hausa ya zo, ba wai an ciccibo wani otal daga Abuja an dire a ƙauye ba. Irinsa ne muke da ƙarancinsa a karkarar Kano da Jigawa, alhali abin kallo Allah ya ba mu. Mutum zai taso daga nesa ya zo Birnin Kudu ya ga zanen shanun da mutanen zamanin da suka yi a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa, ko ya je Baturiya kallon tsuntsayen da ke tasowa tun daga Turai lokacin sanyi, ko ya je bakin dam ɗin Tiga, amma la'asar na yi sai ka ga yana ta duba agogo don ya koma Kano ko Dutse ya kwana. Kuɗin kwana da na abincin dare da na karin kumallo duk sun bi shi sun tafi, garin bai ci komai ba sai kuɗin ruwan leda. Wallahi abin nan yana ci min rai, shi ya sa na zauna na rubuto matakan yadda nake ganin ya kamata a bi, ko kai ne Alhaji mai jarin, ko ke ce Hajiya, ko matasa ne kuka haɗa kuɗi.

Mataki na farko: san wanda zai kwana

Kafin ka sayi ko bulo ɗaya, ka gaya wa kanka gaskiya: 'yan yawon buɗe ido kaɗai ba za su cika maka ɗakuna ba. Suna da lokacinsu, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu da kuma kwanakin Sallah, sauran watannin kuwa sai jefi-jefi. Tun zamanin Gwamna Audu Bako aka gina manyan wuraren hutawa a Tiga da Bagauda, a farkon shekarun 1970 lokacin da ake aikin madatsun ruwan, yau na Bagauda makarantar horar da lauyoyi ce. Darasin da ni na ɗauka a nan shi ne katafaren gini mai jiran 'yan hutu kaɗai yana da wuyar riƙewa. Don haka ka nemi garin da yake da abin kallo kuma yake da wani dalili na biyu da ke kawo mutane duk sati. Birnin Kudu tana da duwatsun tarihi, tana kuma da babban asibitin tarayya da ke jawo likitoci da masu jinya da 'yan dubiya. Tiga na kusa da Bagauda, iyayen ɗalibai da malamai masu zuwa suna buƙatar wurin kwana. Kafin Hausa akwai jami'a, Wudil akwai jami'a ga kasuwar shanu ranar Juma'a, Maigatari kuwa kasuwar Alhamis ta isa shaida. Ga 'yan biki, ga ma'aikatan ƙungiyoyi masu aikin lafiya da noma, ga 'yan kwangila.

Yadda za ka gane ba wuya. Ɗauki littafi da biro ka je tasha ka zauna wajen mai shayi, ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa, ka yi hira da direbobi da 'yan acaɓa, su suka san baƙon da ya sauka da inda ya kwana da abin da ya yi ƙorafi a kai. Ka tambayi masu gadin asibiti ko makaranta ina baƙinsu ke sauka. In amsar kowa ita ce "ai komawa birni suke yi", to ka samu kasuwa.

Mataki na biyu: yardar gari

Wannan matakin shi mutane ke tsallakewa, kuma shi ke kayar da su. A ƙauye in aka ji za a gina wurin kwanan baƙi abin da ke fara zuwa zuciyar dattawa shi ne an kawo mana masha'a, za a lalata mana yara, kuma ba za ka ga laifinsu ba don sun ga yadda wasu wuraren suka zama. In ka bari jita-jita ta riga ka shiga gari, ko da zinare ka yi ginin ba za ka ji daɗinsa ba.

Ka fara da mai unguwa, shi zai kai ka wurin dagaci, dagaci ya kai ka wurin hakimi, kada ka tsallake ɗaya don kana da kuɗi ko kana da wani a sama. Ka tafi da dattijo ɗan garin wanda ake jin maganarsa, ka riƙe goronka, ka cire takalmi ka durƙusa ka yi gaisuwa yadda ta kamata. Maganar kuma a fili za ka yi ta, misali: "Ranka ya daɗe, masauki nake son ginawa na baƙin da ke zuwa ganin duwatsun nan da masu zuwa asibiti. Ba giya, ba kiɗan dare, namiji da mace ba sa kwana ɗaki ɗaya sai ma'aurata, ma'aikata kuma yaran garin nan zan ɗauka. In an ga wani abin da bai dace ba ƙofata a buɗe take, a kira ni." Daga nan ka je wurin limamin Juma'a, "Allah gafarta Malam, na zo neman shawara da addu'a", ka nuna masa zanen ginin har inda ka ware wa masallaci. Ka leƙa ofishin Hisba na ƙaramar hukuma da kanka tun ba su neme ka ba, ka tambayi ƙa'idojinsu ka rubuta, haka wurin DPO. Kano da Jigawa duka jihohi ne masu bin Shari'a tun shekarar 2000, saboda haka ƙa'idar nan ba ado ba ce, doka ce, kuma ni a ganina ita ce ma za ta jawo maka magidanta masu tafiya da iyali, waɗanda su ne baƙin kirki masu dawowa.

Kada ka manta da mata. Tsofaffin unguwa su ke yaɗa labari cikin gidaje, in uwargidanka ko yayarka ta shiga ta gaishe su ta yi musu bayani, ta ce za a riƙa sayen fura da man shanu da ƙwai a hannunsu, rabin aikin ya ƙare.

Mataki na uku: fili da takardu

Ka nemi fili a gefen gari, ba tsakiyar kasuwa ba, ba kuma can cikin daji inda baƙo zai kwana da fargaba ba. Wurin da mota za ta iya shiga a watan Agusta, wannan shi ne ma'auni, don haka da damina ake duba fili ba da rani ba. In a yankin Haɗeja ne ko Auyo ko Ringim, inda ambaliya ke yawan ɓarna, ka tambayi tsofaffi iya inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar da ya fi yawa, ka hau sama da nan. Fili mai manyan bishiyoyi, tsamiya ko darbejiya ko mangwaro, ya fi fili fetal daraja nesa ba kusa ba, inuwar da ka tarar ba ka da kuɗin sayenta, kada ka bari magina su sare maka ko ɗaya.

Gonar gado ka yi hattara da ita, sai duk magada sun sa hannu a gaban dagaci da shaidu. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, a karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da takardar mallaka ta gargajiya, amma tunda kasuwanci za ka yi ka daure ka bi ta ma'aikatar ƙasa ta jiha har ka samu satifiket ɗin mallaka, da izinin gini. Ka yi wa sunan masaukin rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka karɓi lambar haraji, ka yi rajista da hukumar yawon buɗe ido ta jiharka, 'yan kwana-kwana su zo su duba. Aikin zirga-zirga ne kawai, ka ba shi lokacinsa.

Mataki na huɗu: ruwa kafin gini

Ka haƙa rijiyar burtsatse kafin ka sa harsashi. Na faɗa na kuma maimaita, domin a garuruwa masu duwatsu irin su Birnin Kudu da Dutse da Rano ana iya haƙawa a tarar da dutse ko ruwa ɗan kaɗan, to gara ka sani tun ba ka zuba miliyoyi a gini ba. Ka kira masu auna ƙasa su nuna inda ruwa yake, in an samu a bar famfo ya yi ta zuba na awanni a ga ko zai ɗauke, sannan a kai ruwan a gwada shi. Tanki ka yi lissafin aƙalla lita 150 ga kowane baƙo a rana, ka ƙara na kicin da wanki da ban ruwan shuke-shuke, ka ninka biyu saboda ranar da famfo zai lalace. Ramin masai da sokawe su yi nesa da rijiyar da kamar mita 30, kuma a gangare, ba a saman ta ba. In ruwan ya wadata ka fitar da famfo ɗaya waje don maƙwabta, sadaka ce, kuma masu ɗibar ruwan nan sun fi maigadi tsare maka gida.

Mataki na biyar: ginin kansa

To nan ne inda kyan wurin yake, kuma nan ne nake roƙon ka da ka saurare ni da kyau. Kafin ka zauna da mai zanen gini, ku tafi tare Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a cikin Kano da tsakar rana a watan Afrilu, ku shiga soro ku tsaya. A waje zafi ya haura digiri 40, a ciki kuwa sai ka ji sanyi-sanyi ba fanka ba komai. Kaurin bangon ƙasa ne ke shanye zafin rana, sai dare ya yi ya sake shi a hankali, ga tsawon rufin da ke barin iska mai zafi ta hau sama. Kakanninmu sun gama wannan lissafin tuntuni, mu ne muka watsar muka koma bulon siminti mai rami da kwanon rufi, ɗaki ya zama tanda, sannan mu sayi na'urar sanyaya ɗaki mu yi ta ƙona man dizal.

Tsarin gidan Bahaushe shi ne tsarin masaukin da ya dace. Zaure shi ne wurin karɓar baƙi, nan teburin rajista zai zauna, da ɗan dakali da shimfiɗa. Daga zaure a bi ta shigifa a karkace, yadda wanda ke waje ba zai hango ciki ba, sai a faɗa tsakar gida mai bishiya da rumfa, ɗakuna kuma su kewaye ta. Ka raba gida biyu, ɓangaren masu iyali da mata daban da ƙofarsa, ɓangaren maza matafiya daban. Hajiyar da ta zo da 'ya'yanta tana son ta zauna tsakar gida ta sha iska ba tare da idon maza a kanta ba, in ka ba ta wannan ita za ta yi maka talla a gidan biki.

Ba cewa nake ka yi ginin ƙasa zalla irin na da ba, haɗawa za ka yi. Harsashi na dutse da siminti, ya taso sama da ƙasa har wajen gwiwa saboda ruwa da gara, a zuba maganin gara tun a rami. Bango kuma ko tubali na gargajiya ko bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji a sa masa siminti kaɗan, mai kauri sosai. Banɗaki da kicin, duk inda ruwa ke zuba, bulon siminti ne da tayil, babu jayayya. Ɗakunan kwana a yi musu rufin kwano mai silin da tazara a tsakani, a ɗaga bango ya ɓoye kwanon, a fitar da zankwaye a kusurwoyi da indararo masu tsawo da za su jefa ruwa nesa da bango. Amma zaure, shi kam ka kashe masa kuɗi a yi masa rufin soro na gaske, azarar giginya da ɗaurin guga, ko bakan gizo in ka samu gwani. Azara gara ba ta cinta da sauƙi, sai dai ba ta ɗaukar faɗi mai yawa ita kaɗai, dalilin da ya sa magina ke ɗora ta hawa-hawa suna ɗaurewa har baka ya haɗu a tsakiya ke nan. Baƙo na shigowa zai ɗaga kai, kafin ya ce uffan ya ciro waya.

Maginin gargajiya ka neme shi ta hannun Sarkin Magina, kuma ka je ka ga aikin da ya yi wanda ya sha damina uku ko huɗu, ba sabo ba. Za ka gane gwani tun daga yadda yake zaɓen ƙasa. Zai tsuguna a bakin kududdufi ya ɗebo ta, ya yayyafa ruwa, ya murza a tafin hannu ya mulmula ta ta yi tsawo, ya riƙe gefe ɗaya ya ga ko za ta karye nan take. In ta marmashe yashi ya yi yawa, in ta yi danƙo tana manne wa yatsu to za ta tsattsage in ta bushe, sai ya ce a ƙara mata birji ko a nemo wata. Bayan an kwaɓa da ciyawa ana barin ta kwanaki tana ruɓa ana sake takawa, wanda ya ce maka yau a kwaɓa gobe a ɗora, sallame shi. Yaɓen waje kuma kada ka yarda a shafa siminti kai tsaye a kan bangon ƙasa, ba sa kama juna, shekara biyu sai ka ga yana ɓanɓarowa faifai-faifai ruwa na shiga ta baya. Makuba ake sawa, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Bangon gabas ya fi kowanne shan dukan ruwa don hadarinmu daga gabas yake tasowa, shi za a fi ba kulawa, in da hali a yi masa baranda. Tagogi a sa su kudu da arewa, yamma a rage su saboda ranar la'asar, kowace taga da ragar sauro da murfin katako da zai tare ƙurar hunturu.

Zane a fuskar gida, dagi da sauransu, a yi shi a ƙofar zaure kaɗai da hannun mai zanen gargajiya. In aka cika shi ko'ina ya zama hayaniya. Launi biyu ko uku sun isa, jar ƙasa, fari, da shuɗin baba.

Mataki na shida: banɗaki da wuta

Baƙo zai yafe maka ƙaramin ɗaki, zai yafe maka rashin talabijin, amma ba zai taɓa yafe maka banɗaki mai wari ba. Kowane ɗaki da nasa. Ranar da mai tayil ya ce ya gama, kada ka biya shi sai ka ɗebo bokiti guda ka sheƙa a ƙasa ka tsaya kana kallo, in ruwan ya gudu magudana ya ƙare tas to madalla, in ya taru a kusurwa ko ya nufo ƙofar ɗaki a fasa a sake, komai rantsuwar da zai yi maka. A sa ɗan famfo ƙasa-ƙasa da wurin zama don alwala, da buta mai tsafta, da taga ƙarama a sama. Masai kada ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya, tun a takarda ake gyara wannan. Ruwan zafi dole ne saboda sanyin Disamba da Janairu, na'urar dumama ruwa mai aiki da rana ta wadatar.

Wuta kuwa sola ce gaba, janareta na ko-ta-kwana, wutar gwamnati in ta zo alhamdu lillahi. Ka rubuta duk abin da zai ci wuta ka ba mai haɗawa, fitilu, fankoki, firji, famfon rijiya, cajin waya. Fanka ba ta cin abin kirki, na'urar sanyaya ɗaki guda ɗaya kuwa tana cin abin da fanka goma ke ci, to ka ga amfanin bangon ƙasa, sai ka sa ta a ɗakuna uku ko huɗu masu tsada kawai. Farantan su kalli kudu da ɗan karkata kaɗan, a sa yaro yana goge su kullum da hunturu don ƙura na rage musu ƙarfi sosai. Famfo ya riƙa cika tanki da rana, kada ya taɓa batir da dare. Ɗakin janareta can ƙarshen fili, nesa da masu barci.

Mataki na bakwai: kayan ɗaki

A katifa da zanin gado da tawul kada ka yi rowa, ka sayi masu kyau, farare, kowane gado saiti uku. Farin zani ba ya ɓoye datti, shi ya sa baƙo ke yarda da shi. Sauran ado duk yana kusa da kai: labule da murfin matashi daga marinar Kura ko Ƙofar Mata, saƙi daga Minjibir a shimfiɗa a ƙafar gado, randa da tukwanen shuka daga Dawakin Tofa, tintimin fata daga Kasuwar Kurmi, faifai uku a jere a bango, tabarmar kaba a ƙasa. Kafinta na gari ya yi gado da tebur marasa tarkace. Kowane ɗaki da darduma da alamar alƙibla, gidan sauro mai kyau wanda aka rataye shi da tsari, wurin cajin waya kusa da gado, ƙugiyar rataye babbar riga. Furen roba da hoton ruwa mai gangarowa na ƙasar waje, don Allah a bar su a kasuwa.

Mataki na takwas: abinci

Kada ka wahalar da kanka da jerin abinci talatin. Abu biyar da aka iya sun fi. Da safe kunun gyaɗa da ƙosai ko waina da miyar taushe, da shayi da burodi da ƙwai ga mai so. Da rana dambu ko shinkafa da wake da mai da yaji, da dare tuwon shinkafa miyar kuka ko kuɓewa da man shanu, in kana yankin Haɗeja ko Tiga kifi ya zama shi ne abin alfaharin gidan. Baƙo na sauka a tare shi da zoɓo mai sanyi ko kunun aya da ɗan dabino a faifai, kafin ma a tambaye shi sunansa. Ka ɗauki mace ɗaya gwana wadda aka san hannunta a gidajen biki, ka biya ta da kyau, a koya mata awo don ɗanɗanon yau ya zama na gobe. Furar da za a kawo a dama ta da ruwan da ka yarda da shi, baƙon da cikinsa ya ɓaci a gidanka ba zai dawo ba kuma sai ya faɗa wa goma.

Mataki na tara: ma'aikata da ƙa'ida

Ɗaki goma mutum shida zuwa takwas sun riƙe shi, manaja, mai karɓar baƙi, masu shara biyu mace da namiji, mai girki da mataimakiya, masu gadi na dare da rana. Ka cika alƙawarin da ka yi wa hakimi, 'yan gari ka ɗauka, sai dai ka zaɓa da kanka, ba wanda aka turo maka don ɗan wane ne ba. Ka kai biyu daga ciki wani otal mai kyau a Kano su yi wata guda suna koyon gyaran gado da wankin banɗaki. Karɓar baƙo kam ba sai an koya wa Bahaushe ba, "sannu da zuwa Alhaji, ya hanya, kawo jakar", "Hajiya bismillah ga wuri", abin da za a koya musu shi ne ƙwanƙwasa ƙofa da sallama kafin shiga, da riƙe sirrin baƙo, wanda ya kwana a gidan ba labarin teburin mai shayi ba ne. Albashi a kan lokaci, in ba haka ba tawul da sabulu za su fara tafiya da ƙafarsu.

Kowane baƙo a rubuta sunansa da lambar waya a ga katin shaidarsa, ƙa'idojin gida a manna su a zaure da Hausa da Turanci, kuma a yi wa kowa daidai, ranar da ka ɗaga wa wani babba ƙafa ranar ka rushe abin da ka gina da dattawan gari. Ka haɗa kai da 'yan sintiri, fitila ta haska kewayen katanga, tukunyar kashe gobara a kicin da ɗakin batir. Ka samu matasa biyu da suka san tarihin garin su zama 'yan rakiya, su kai baƙo duwatsu ko fadama ko kasuwa, kuma kafin a kai kowa wuri mai nisa irin dajin Falgore ko tsaunukan Riruwai a tambayi halin tsaro a ranar, ba labarin makon jiya ba.

Mataki na goma: farashi, talla da buɗewa

Ka tara kuɗin da gidan ke ci a wata, albashi, mai, sabulu, gyara, haraji, ka raba shi a kan cewa ɗaki huɗu cikin goma ne kawai za su kwana da mutum. In farashin da ya fito ya fi ƙarfin baƙin da ka ƙirga a tasha, to tun yanzu ka rage wani abu. Ka ajiye kuɗin tafiyar da gida na wata shida a gefe kafin ka buɗe, kuma asusun masauki daban aljihunka daban, 'yan'uwa da abokai ma in sun kwana a rubuta. POS da tiransifa dole ne.

Talla ba ta buƙatar kuɗi mai yawa. Ka sa gidan a taswirar Google da lambar da ake ɗagawa, ka buɗe WhatsApp na kasuwanci da shafi a Facebook da Instagram da TikTok, hotuna a ɗauke su da hantsi ko bayan la'asar lokacin da jar ƙasa ke fitowa da kyau, kuma a nuna banɗakin, mutane shi suke son gani. Ka kai takarda da kanka asibiti da jami'a da ofisoshin ƙungiyoyi ka yi musu farashi na musamman. Tun da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya a Disamban 2024 masu zuwa kallo suna ƙara sha'awar abin, ga kuma hawan da ake yi a masarautun Jigawa biyar, Haɗeja da Dutse da Gumel da Kazaure da Ringim, to ka nemi masu kawo baƙin nan tun watan Sha'aban ka ce su ƙara musu kwana ɗaya a garinku.

Kafin ranar buɗewa ka gayyato iyalai biyu ko uku da ka san ba sa ɓoye gaskiya su kwana kyauta, kai ma ka kwana a kowane ɗaki ka ji inda ƙofa ke ƙara da inda sauro ke shigowa. A gyara, sannan a kira liman da hakimi da maƙwabta a yi addu'a a ci abinci, a zagaya da su ko'ina har kicin. Ka saita buɗewar ta faɗo a watan Oktoba ko farkon Nuwamba, ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe, kaka ta shigo mutane da kuɗi a hannu, ga lokacin baƙi a gabanka. Watan Afrilu zuwa farkon Mayu kuma, lokacin da zafi ya kori baƙi, shi ne na gyara: a hau rufin zaure a toshe duk wata tsaga, a sabunta makuba a bangon gabas, a share indararo, a yashe sokawe, a duba gara a gindin kowane bango, duk a gama kafin ruwan farko ya sauka.